Kun Tambaya, Mun Amsa: Majalisar Dattawan Birtaniya Da Maganar Izinin Gini

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon tambayoyin da suka fi yawa duk akan Birtaniya ne, tun bayan da gwamnatin Keir Starmer ta kai ƙudirin fitar da 'yan gado daga majalisar dattawansu a watan Satumba na 2024 mutane ke ta aiko min da saƙo, wasu kuma suka haɗa da maganar yadda ake jin ra'ayin jama'a kafin a yi gini a can. Na zaɓi guda biyar, sauran ku yi haƙuri sai wani makon in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Dan Allah wai da gaske ne a Ingila akwai 'yan majalisar da ba zaɓensu ake yi ba, gadon kujera suke daga iyayensu? Su da kullum suke mana wa'azin dimokuraɗiyya? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Ƙanena da gaske ne, kuma maganar ta ma wuce yadda kake tsammani, don babu ko mutum ɗaya a Majalisar Lods, wato majalisar dattawan Birtaniya, da talakan ƙasa ya jefa wa ƙuri'a don ya shiga majalisar. Mafi yawansu firaminista ne ke ba da sunansu sarki ya naɗa, kuma kujerar ta har mutuwa ce sai dai in mutum ya ga dama ya yi ritaya, sannan akwai kujeru 26 na bishop-bishop na Cocin Ingila, sai kuma, a lokacin da aka kai ƙudirin a 2024, akwai 'yan gadon da kake tambaya akai.

Bari in ɗauko maka daga baya kaɗan don ka ga inda gizo ke saƙa. A 1909 ministan kuɗi David Lloyd George ya kawo kasafin kuɗi da zai ɗora haraji akan manyan masu filaye don a samu abin biyan fanshon tsofaffi da gina jiragen ruwan yaƙi, to su kuma 'yan Majalisar Lods ai su ne masu filayen, sai suka yi watsi da kasafin. Abin ya kai sai da aka yi babban zaɓe har sau biyu a 1910, daga ƙarshe Sarki George na biyar ya yarda cewa in suka ci gaba da taurin kai zai naɗa sabbin mambobi ɗaruruwa su rinjaye su, shine fa suka sauko aka yi dokar 1911. Dokar ta ce ƙudirin kuɗi wata ɗaya kawai za su iya riƙe shi, sauran ƙudirori kuma shekara biyu, a 1949 aka rage zuwa shekara ɗaya. Abin da nake so ka riƙe shine a gabatarwar ita wannan doka ta 1911 an rubuta ƙarara cewa niyya ita ce a maye gurbin majalisar da wadda ta fito daga jama'a ba daga gado ba, amma ba yanzu-yanzu za a iya ba. Yau sama da shekara 110 kenan da rubuta wannan magana.

Daga nan gyaran ya riƙa zuwa guntu-guntu. 1958 aka fara naɗa mutane na tsawon rayuwarsu ba tare da 'ya'yansu sun gada ba, kuma a shekarar ne mata suka fara shiga. 1999 firaminista Tony Blair ya kori 'yan gado sama da 600, amma don kada su tare masa hanya aka yi sulhu aka bar 92 da sunan na ɗan lokaci ne kafin a kammala gyara. Wannan ɗan lokacin shine ya kai shekara 25. Kuma har zuwa 2024 in ɗaya ya mutu ko ya sauka sai su yi zaɓen cike gurbi a tsakaninsu, a 2016 an yi wani da 'yan takara bakwai amma masu ƙuri'a uku kacal, Viscount Thurso ya ci. Tun da mace ta ƙarshe a cikinsu ta yi ritaya a 2020 duk maza ne suka rage, saboda yawancin sarautun ɗa namiji ke gada.

Ƙudirin Starmer akan waɗannan 92 ɗin ne kawai, majalisar wakilai ta amince da shi a Nuwamba 2024. Ni dai ina goyon bayan fitar da su ɗari bisa ɗari, ba na ganin hujjar da za ta sa mutum ya riƙa yi wa mutane sama da miliyan 60 doka don kakan kakansa ya yi wa wani sarki hidima. Amma gaskiya ba su ne babbar matsalar ba. Babbar matsalar ita ce doka ba ta sa wa firaminista iyaka akan yawan mutanen da zai naɗa ba, shi ya sa majalisar ta kumbura ta wuce mutum 800, har ake cewa in ka cire majalisar ƙasar Sin babu zauren doka da ya kai ta yawa a duniya. Boris Johnson ya naɗa ƙaninsa Jo Johnson a 2020, a wannan shekarar kuma ya tsallake shawarar hukumar tantance naɗi ya sa Peter Cruddas wanda ya daɗe yana ba jam'iyyarsa kuɗi, kuma shine karo na farko da wani firaminista ya yi haka. Liz Truss kwana 49 ta yi akan mulki amma sai da ta samu damar naɗa mutum uku da za su iya zama shekara 30 ko 40 suna yin doka. To in an kori 'yan gado aka bar wannan ƙofar a buɗe, an rage abin kunya ne kawai amma ciwon yana nan.

TAMBAYA: To Malam in dai kowa ya yarda tsarin bai dace ba me ya hana su gyara gaba ɗaya a mayar da ita ta zaɓe kamar sanatocinmu? Daga wani malamin makaranta a Bauchi.

AMSA: Malam sun gwada, ba sau ɗaya ba. A Maris 2007 majalisar wakilai ta kaɗa ƙuri'a ta goyi bayan a riƙa zaɓen kashi 80 cikin 100, ta kuma goyi bayan a zaɓe su duka, su kuma Lods suka ce a'a a bar shi a naɗi, magana ta mutu. A 2012 Nick Clegg, mataimakin firaminista a gwamnatin haɗin gwiwa ta David Cameron, ya kawo ƙudiri cikakke, mambobi 450, kashi 80 zaɓaɓɓu, wa'adi ɗaya na shekara 15 ba tazarce. A karatu na biyu ƙudirin ya wuce da ƙuri'a 462 akan 124, ka ga rinjaye ne babba, amma 'yan jam'iyyar Kwanzabatib ta Cameron su 91 suka yi wa gwamnatinsu tawaye, jam'iyyar Leba kuma da ta ce tana son gyaran ta ƙi yarda a ƙayyade kwanakin muhawara, wanda ke nufin masu adawa za su iya jan magana har sai komai na gwamnati ya tsaya. A watan Agusta Clegg ya janye.

Kuma in ka karanta abin da aka faɗa a muhawarar za ka ga ba duka son zuciya bane, akwai tambaya ta gaske a ciki. Yanzu abin da ke sa Lods su sauko in sun yi ja-in-ja da majalisar wakilai shine sun san ba wanda ya zaɓe su. Akwai ma al'ada tun 1945 da ake danganta ta da Lod Salisbury cewa ba za su kashe ƙudirin da gwamnati ta yi alkawarinsa a takardar manufofinta ta yaƙin neman zaɓe ba. Ka tuna dokar kai masu neman mafaka Ruwanda a Afrilu 2024, ƙudirin ya yi ta kai-komo tsakanin majalisun biyu, Lods na gyara wakilai na cirewa, daga ƙarshe dai Lods ne suka haƙura. To masu adawa da zaɓe suna cewa ran da ka ba su ƙuri'ar jama'a ran nan za su ce mu ma jama'a ce ta turo mu, don me za mu sauko, sai a koma irin na Amurka inda majalisu biyu ke kulle gwamnati. Ɗan majalisar wakilai kuma ba ya son a ce a yankinsa akwai wani sanata mai wa'adin shekara 15 da zai riƙa goga kafaɗa da shi. Wannan shine dalilin da ba a cika faɗa da ƙarfi ba, amma a ganina shi ya fi kowanne nauyi, majalisar wakilai ta fi son abokiyar zama mai rauni.

Hujja ta biyu ita ce ƙwararru. A 2024 kusan mutum 180 a majalisar ba su da jam'iyya, akwai tsofaffin alƙalai da likitoci da hafsoshin soja da malaman jami'a, kuma babu jam'iyyar da ke da rinjaye ita kaɗai. Akwai irin su Alf Dubs wanda aka kawo shi Birtaniya yana yaro daga Chekoslobakiya a 1939 don tsira daga 'yan Nazi, shi ne a 2016 ya matsa har aka sa wa dokar shige da fice sharaɗin karɓar yara 'yan gudun hijira marasa iyaye. Akwai Doreen Lawrence wadda aka kashe ɗanta Stephen a 1993 saboda launin fatarsa, ta yi shekaru tana fafutuka har aka bankaɗo wariyar da ke cikin 'yan sandan Landan, ta shiga majalisar a 2013. Irinta ba lallai ta samu tikitin jam'iyya ba, wannan kam gaskiya ne kuma ina girmama shi.

Amma ni ban yarda cewa zaɓi biyu ne kawai ba, ko a bar shi haka ko a kwafo na Amurka. Kwamitin Lod Burns a 2017, wanda su kansu 'yan majalisar suka kafa, ya ce a tsayar da adadi a 600 kuma sabon shiga ya yi shekara 15 ya tafi. Kwamitin tsohon firaminista Gordon Brown a Disamba 2022 ya ce a rushe ta a kafa zaɓaɓɓiyar majalisar yankuna da za ta wakilci Sikotilan da Wels da Ailan ta Arewa da sassan Ingila. Kanada da sanatocinta 105 duk naɗi ne, tun 2016 ta kafa kwamiti mai zaman kansa da kowane ɗan ƙasa da ya cika sharaɗi zai iya kai takardar neman kujera. Hanyoyi suna nan birjik, abin da ake nema shine firaministan da zai yarda ya rage wa kansa ikon rabon kujera, wanda da shi yake sallamar 'yan jam'iyya da masu ba da gudummawa.

TAMBAYA: Yaya, ni a ganina majalisa ta biyu ɓarnar kuɗi ce kawai, mu a Nijar ai guda ɗaya muka saba da ita. Akwai ƙasashen da suka soke tasu? Daga wata 'yar uwa a Damagaram.

AMSA: Akwai ƙanwata. Niyu Zilan ta soke tata a 1950, Denmak 1953, Suwidin 1970. A nan kusa da mu Senegal ta soke a 2012 zamanin Macky Sall, aka ce za a karkatar da kuɗin wajen taimakon waɗanda ambaliya ta shafa, Muritaniya ma ta soke a 2017 ta hanyar ƙuri'ar raba gardama. Wasu kuma sai yanzu suke kafawa, Kamaru 2013, Chadi 2025.

Amma labarin Ailan ne ya fi tsaya min a rai. Majalisar dattawansu mutum 60 ce, 11 firaminista ke naɗawa, 6 waɗanda suka gama jami'a ke zaɓa, 43 kuma kansiloli da 'yan majalisa ke zaɓa, kinga talaka ba shi da hannu sosai. Firaminista Enda Kenny ya kai maganar soke ta gaban jama'a ranar 4 ga Oktoba 2013 yana cewa za a rage kashe kuɗi a rage 'yan siyasa, kowa ya ɗauka zai ci cikin sauƙi, sai ga shi kashi 51.7 sun ce a'a. Da yawa cikin masu cewa a'a ɗin ba son majalisar suke ba yadda take, tsoronsu shine in aka cire ta gwamnati mai rinjaye a majalisa ɗaya ba ta da mai ce mata dakata, kuma sun tuna a wannan zauren ne Mary Robinson ta yi shekara 20 tana kare haƙƙin mata kafin ta zama shugabar ƙasa a 1990. Sun ce a gyara, to amma gyaran ma ya yi ta jan ƙafa, tun 1979 jama'a suka amince a faɗaɗa ƙuri'ar jami'o'i zuwa sauran manyan makarantu, ba a yi dokar ba sai da kotun ƙoli ta tilasta a 2023. A Italiya ma firaminista Matteo Renzi ya nemi rage ƙarfin majalisar dattawa a Disamba 2016, kusan kashi 59 suka ƙi, ya yi murabus.

Don haka ra'ayina ya danganta da ƙasa. Ƙaramar ƙasa mai tsarin dunƙule za ta iya tafiya da ɗaya. Ƙasa mai tarayya kamar Najeriya inda kowace jiha ke da sanata uku komai girmanta ko ƙanƙantarta, akwai dalilin da ya sa aka yi hakan, maganar tsadar kuma daban take kuma a wajen albashi da alawus ya kamata a kama ta. 'Yan Majalisar Lods ba su da albashi, alawus ne na ranar da mutum ya halarta, sama da fam 300.

TAMBAYA: Malam ka yi haƙuri tawa ta ɗan bambanta. A unguwarmu mun wayi gari kawai muka ga ana haƙa ramin tankin gidan mai a filin da yaranmu ke wasa, jikin katangar gidaje, ba wanda ya tambaye mu, da muka je ofis aka ce takardu sun cika. Wani ɗana da ke karatu a Ingila ya ce a can ba a yin haka sai an ji ta bakin maƙwabta. Yaya abin yake? Daga wani dattijo.

AMSA: Baba Allah ya ƙara haƙuri, wallahi na ji zafin wannan saƙon don wuta da hayaƙi da manyan motoci ku za su dama ba wanda ya sa hannu a takarda ba. Abin da ɗanka ya faɗa gaskiya ne amma da saura, bari in warware.

Tun dokar tsara birane da karkara ta 1947 a Ingila mallakar fili daban, izinin gini daban, ko filinka ne sai ka nemi izini daga ƙaramar hukuma. A shekarun 1950 da 1960 masana tsara gari sun yi yadda suka ga dama, suka rushe tsofaffin unguwanni suka tura mutane dogayen benaye suka ratsa manyan tituna ta tsakiyar gari, jama'a suka fusata, shine gwamnati ta kafa kwamiti ƙarƙashin ɗan majalisa Arthur Skeffington wanda a 1969 ya ba da rahoton cewa dole a riƙa sa jama'a tun ana zana tsarin. Yau in mutum ya nemi izini, hukuma za ta aika wa maƙwabta wasiƙa ko ta manna sanarwa a wurin, a sa takardun a intanet kowa ya gani, a ba da kwana 21 a kawo ƙorafi. In aikin babba ne ko ƙorafi ya yi yawa sai a kai gaban kwamitin kansiloli a zauna a bainar jama'a, mai adawa ya tashi ya yi magana, galibi minti uku ake ba shi.

Ga sauran da na ce. Na farko sama da kashi 90 na buƙatun ma'aikata ne ke yanke hukunci a ofis, ba sa zuwa gaban kansiloli. Na biyu ba kowane ƙorafi ake saurare ba, cunkoson motoci da hayaniya da tare haske da haɗarin ambaliya ana dubawa, amma ka ce darajar gidana za ta faɗi wannan ba a lissafa shi. Na uku kuma shi ya fi min ciwo, in aka hana mai gini izini yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa hukumar sufetoci ta ƙasa, amma in aka ba shi izini maƙwabci ba shi da wannan damar, sai dai ya je babbar kotu cikin mako shida, ita kuma kotu ba ta duba ko aikin ya dace, ko an bi ƙa'ida kawai take dubawa, ga kuɗin lauya. A wannan gaɓar Ailan ta fi su, can in ka biya yuro 20 ka shigar da ƙorafinka cikin mako biyar, ka samu haƙƙin ɗaukaka ƙara ko da kai maƙwabci ne kawai.

Abin da ya fi burge ni a tsarin Ingila shine dokar 2011 da ta ba unguwa ko ƙauye damar zana nasu tsarin, su ce nan gidaje, nan filin wasa ba a taɓa shi, nan shaguna, a kai wa mai duba mai zaman kansa, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama ta 'yan unguwar, in sama da rabi suka amince ya zama cikin abin da dole hukuma ta duba kafin ta ba da izini. Yankin Upper Eden da ke Kambiriya ne ya fara a Maris 2013. Kuma unguwar da ke da tsari tana samun kashi 25 na harajin da ake karɓa daga masu gini maimakon 15. Da filin yaranku yana cikin irin wannan takarda tun kafin mai gidan man ya zo, da maganar ta sha bamban, don faɗa bayan an haƙa rami yana da wuya a ko'ina, har a Ingilan.

Ku kuma Baba kada ku tsaya akan kalmar takardu sun cika. Ku rubuta takardar koke a hukumance, mai unguwa da limami da magidanta su sa hannu, ku kai hukumar tsara birane ta jiharku don tun hukuncin kotun ƙoli na 2003 a ƙarar Legas da gwamnatin tarayya tsara gari hurumin jiha ne, ku nemi a nuna muku izinin canza amfanin filin daga na jama'a zuwa na kasuwanci da kuma wanda ya sa hannu. Ku kai kwafi ga hukumar kashe gobara da ta muhalli da ɗan majalisar jiharku, ku tabbata an buga muku hatimin karɓa a naku kwafin. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ma ta tanadi a baje rahoton manyan ayyuka jama'a su gani su yi magana. Ku nemi lauya tun yanzu kafin a binne tankin.

TAMBAYA: Malam na ji ana cewa wannan jin ra'ayin jama'an ne ya hana Birtaniya gina gidaje har matasa suka kasa mallakar muhalli. Kuma meye haɗin wannan da majalisar dattawa da naga ana haɗa su a labarai? Daga wani injiniya a Kaduna.

AMSA: Injiniya akwai ƙamshin gaskiya a ciki kuma bai kamata a ɓoye ba. Zaman sauraron jama'a akan tasha ta biyar ta filin jirgin Hitiro ya fara a 1995 bai ƙare ba sai 1999, aka ba da izini 2001, aka buɗe 2008. Takardun neman izinin sabuwar hanyar ƙarƙashin kogin Tems gabas da Landan sun wuce shafi dubu 350. Saboda irin jinkirin Hitiro aka yi dokar 2008 da ta ɗauke manyan ayyuka daga hannun ƙananan hukumomi. A 2020 gwamnatin Johnson ta kawo shawarar raba ƙasa shiyya-shiyya ta yadda a wasu wurare izini zai zama kusan kai tsaye, sai a Yuni 2021 'yan Kwanzabatib suka faɗi zaɓen cike gurbi a Chesham da Amersham, kujerar da ba su taɓa rasawa ba, maganar gine-gine da layin dogo na HS2 na cikin abin da ya fusata mutane, shikenan aka jingine shirin. Leba ta zo a 2024 da alkawarin gidaje miliyan 1.5 cikin shekara biyar, a Maris 2025 ta kai ƙudirin da zai ƙara yawan hukuncin da ma'aikata ke yankewa ya rage na kansiloli.

Haɗinsu da majalisar dattawa kuwa shine duk waɗannan ƙudirori ta can suke bi, kuma can ne ake bin su layi-layi don majalisar wakilai sau da yawa lokaci ake yanka mata. Misali a Satumba 2023 gwamnatin Rishi Sunak ta so cire ƙa'idar da ke hana sabbin gidaje ƙara gurɓata koguna, ta ce hakan zai buɗe hanyar gina gidaje 100,000, amma ta cusa gyaran ne a makare lokacin da ƙudirin ya riga ya bar majalisar wakilai. Lods suka kaɗa ƙuri'a suka ƙi, kuma da yake a zaurensu aka shigo da shi ba a iya maido shi ba. Masu kare majalisar suna nuna wannan su ce kun gani, masu suka kuma su ce mutanen da ba a zaɓa ba, mafi yawansu dattawa masu gidajen kansu, sun tare wa matasa muhalli. Ni a wannan karon ina ganin Lods sun yi daidai, canji babba irin wannan bai kamata a shigo da shi ta taga ba. Amma hakan bai wanke yadda ake naɗa su ba.

Inda na tsaya a maganar gini shine matsalar tana ga wanda ke samun damar magana da kuma lokacin da ake ba shi. Wanda ke zuwa zaman kwamiti da rana tsaka ranar aiki galibi mai gida ne da ya yi ritaya, yana da lokaci ya iya rubuta wasiƙa. Ma'aikaciyar asibiti da ke haya ɗaki ɗaya da 'ya'ya biyu, wadda ita ce za ta shiga sabon gidan in an gina, tana wajen aiki, kuma ba a ma aika mata wasiƙa don ba ta zama maƙwabciya ba tukuna. To maganin wannan a faɗaɗa ne, a je inda 'yan haya da matasa suke, a yi zaman da yamma ko ƙarshen mako, a yi shi tun ana zana tsarin gari lokacin da ra'ayi zai iya canza wani abu, in an amince da tsarin kuma a bar gini ya tafi da sauri. Abin da nake jin tsoro shine a fake da sauri a toshe bakin mutane gaba ɗaya. Mazauna benen Grenfell a yammacin Landan sun yi shekaru suna kai kuka akan haɗarin gobara, har a Nuwamba 2016 ƙungiyarsu ta rubuta cewa sai an yi babban bala'i za a saurare su, ranar 14 ga Yuni 2017 wuta ta tashi mutum 72 suka rasu, kuma binciken da aka kammala a 2024 ya tabbatar da cewa hukumar da ke kula da ginin ta riƙa ɗaukar masu ƙorafin a matsayin 'yan tada fitina.

Injiniya kai da ke wannan aikin, in an turo ka auna fili a unguwa dan Allah ka fara sallama da mutanen wurin ka tambaye su inda ruwa ke bi da damina da inda yara ke tsallaka titi, ka rubuta abin da suka ce a rahotonka da sunan unguwar da ranar da kuka zauna.